Horon Yatsu da Daɗin Waƙa

A wannan wata muna so mu ɗauki wata magana wadda watakila waɗansu za su ga ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba. Maganar mutumin da ya riga ya girma ce, mai iyali, mai aiki, wanda ya tashi da rana tsaka ya ce za ya koyi kaɗa piyano. Irin waɗannan mutane suna da yawa yanzu, maza da mata. Wani marmarin abin ya daɗe yana cinsa tun yana yaro, amma a lokacin babu hali. Wani kuwa ya ga saurayin da ke kaɗa musu a majami'a ya tafi makaranta, an bar waƙa ba mai riƙe ta, sai ya ce bari ya gwada. Wata ta gama renon 'ya'ya, ta sami ɗan sarari. Mun sani gemu ba ya hana ilimi, saboda haka ba za mu tsaya a kan ko ya kamata su koya ba. Tambayarmu dabam ce.

A ce ga mutumin nan ya komo daga aiki, ya ci tuwo, yara sun kwanta. Yana da rabin sa'a kafin barci ya ɗauke shi. Ya zauna gaban piyanonsa, ko babban nan na katako mai maɓalli 88, ko ƙaramin na lantarki mai 61 wanda ya fi yawa a hannun mutane. A gabansa ga littattafai biyu. Ɗaya na horon yatsu ne, babu waƙa a ciki, sai hawa da sauka. Ɗayan kuwa yana ɗauke da waƙar nan da ta sa shi ya sayi piyanon tun da fari. To, wanne za ya buɗe? In ya buɗe na waƙa, zuciyarsa ta ce masa raggo, mai son shan romo bai dafa dutse ba. In ya buɗe na horo, rabin sa'ar ta wuce bai ji abin da ya zo nema ba, ya tafi ya kwanta kamar wanda ya ci gaya.

Ƙarƙashin wannan ƙaramar tambaya akwai babba, wadda ta shafi mai koyon ɗinki, da mai koyon karatu, da dukanmu. Ko wahala tana da lada don kanta? Ko wajibi ne mutum ya jinkirta jin daɗin abu sai ya ƙware? In kuwa haka ne, har yaushe?

Bari mu fara duba littafin horon, domin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ya fi suna shi ne na Charles-Louis Hanon, wani Bafaranshe mai kaɗa a majami'a a garin Boulogne, bakin teku. Ya fitar da shi a shekara ta 1873. Darasi 60 ne a ciki. A ashirin na farko hannu biyu suna yin abu ɗaya, a kan fararen maɓallai kaɗai. Yatsu su taɓa maɓalli takwas bisa wani tsari, sa'an nan hannu ya matsa gaba taki ɗaya ya sake, ya matsa ya sake, har ya hau, ya juyo ya sauko. A fara a hankali, kullum a ƙara sauri. Nufin Hanon shi ne yatsu biyar su zama daidai wajen ƙarfi da sauri, hagu kuma ta kamo dama. Ya ce wanda ya iya za ya kaɗa littafin duka cikin sa'a guda, ya kuma so a riƙa yin haka kowace rana. Kafin shi akwai Carl Czerny na birnin Biyana, ana faɗin sunan kamar Carni, wanda ya rayu daga 1791 zuwa 1857. Shi almajirin Beethoven ne, shi ne kuma ya koyar da Franz Liszt, wanda ya zama gwanin gwanaye a zamaninsa. Czerny ya rubuta darussan yatsu ɗaruruwa. Ba ƙananan mutane ke nan ba, ba kuwa za mu yi musu ba'a ba. An yi shekaru da yawa ana horon almajirai da littafin Hanon a manyan makarantun kiɗa na Rasha, makarantun nan kuwa sun fitar da makaɗa waɗanda duniya ta san da su.

Masu goyon bayan horo suna da hujja mai ƙarfi, ya kamata mu ba su haƙƙinsu. Su kan ce, sai an sha wuya a kan sha daɗi, kowa ya ci zomo kuwa ya ci gudu. Hannun mutum ba a shirye ya ke domin piyano ba. Ka ɗora hannunka a kan tebur, ka ɗaga yatsa na huɗu shi kaɗai, za ka ga da ƙyar ya ke tashi, gama jijiyarsa a haɗe ta ke da na maƙwabtansa. Babban yatsa kuma tilas ya koyi wucewa ta ƙarƙashin sauran, in ba haka ba hannu ba za ya hau tsanin do, re, mi ya kai ƙarshe ba tare da tsalle ba. Waɗannan abubuwa ba su zuwa da so kaɗai.

Mun kuwa ga abin da ke samun wanda ya guje wa horo ɗungum. Yana da waƙa uku ko huɗu. Kullum ya zauna sai ya kaɗa su daga farko, ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ya yi sauri ya wuce kamar mai wuce gidan wanda ke binsa bashi. Bana haka, baɗi haka. Tuntuɓen ya zama ɗan gida, har kunnensa ya daina jinsa. Akwai kuma wata dabara da piyanon lantarki ya kawo. Waƙa tana iya zama a gida goma sha biyu, watau a fara do ɗinta daga kowane ɗaya cikin maɓallai goma sha biyu, ana kiran gidajen da baƙaƙe, C, G, F da sauransu, kowane kuwa da yadda yatsu ke tafiya a cikinsa. To, na lantarki yana da wani maɓalli wanda in an taɓa shi za ya ɗaga murya ko ya sauke ta, yatsu suna nan inda su ke. Sai mutum ya koyi gida ɗaya tak, ya bar maɓallin nan ya yi masa sauran. Ba mu ce laifi ne a taɓa shi ran da larura ta kama ba. Amma wanda ya shekara biyar a kansa, yana barin mutane su zaci ya san gidaje duka, ya san a ransa akwai abin da ya ke ɓoyewa. Ran da aka zaunar da shi gaban piyanon katako, asiri ya tonu. Irin wannan jin daɗi da tsoro ya ke tafe.

Har nan muna tare da masu horo. Inda mu ka rabu da su shi ne wajen sha'anin shekaru. Hanyar nan ta su Czerny ta fi dacewa da yaro wanda a ke so ya zama gwani, ya ci abinci da kiɗa. Yaro yana da shekaru a gabansa, ba ya neman kuɗin hatsi, akwai kuma uba ko malami tsaye a kansa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Babba fa? Bari mu yi ɗan lissafi. A shekara ta 1993 wani masani, Anders Ericsson, da abokan aikinsa su ka buga binciken da su ka yi a kan ɗaliban kiɗa a birnin Balin na Jamus. Su ka iske waɗanda su ka fi ƙwarewa a gogen Turawa sun tara wajen sa'a 10,000 na gwaji kafin su wuce shekara ashirin da haihuwa. Mutuminmu mai rabin sa'a kowace rana, ko da bai tsallake rana ɗaya ba, sa'a 182 ke gare shi a shekara. Kafin ya tara 10,000 sai ya yi shekara 55. In ya fara yana da arba'in, ku lissafa da kanku. Littafin Hanon ma da a ke gamawa cikin sa'a guda, shi sai ya kwana biyu a kai, ba tare da ya taɓa waƙa ko ɗaya ba.

Saboda haka wanda ya ce wa babba, ka yi haƙuri da horo tukuna, waƙa tana zuwa in ka ƙware, ya yi masa alkawarin da shi kansa ba shi da ikon cikawa. Haƙuri abu ne mai kyau sa'ad da akwai abin da a ke jira, abin kuma yana tafe da gaske. Manomi yana haƙuri daga shuka zuwa kaka domin ya san watannin da ke tsakani. Amma a ce da mutum ya yi ta wasa wuƙa, kada ya yanka nama sai ta kai wani kaifi wanda ba a faɗa masa ba, wannan ya wuce haƙuri. Wuƙar za ta cinye a kan dutse, shi kuma ya kwana da yunwa. Ga shi kuma ba mai tilasta wa babba. Ran da ya gaji sai ya rufe piyanon da zane, matarsa ta ɗora kwanuka a kai. A ganinmu wannan shi ne haɗari mafi girma ga babba mai koyo, ya fi raunin yatsa na huɗu nesa, gama yatsan da ya bar kaɗawa ba ya ƙara ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, mu kuwa muna ganin shi ne cibiyar maganar. Mun saba ɗauka horo shi ne wahala, waƙa ita ce hutu. Sau da yawa ba haka ba ne. Darasin Hanon na farko, cikin 'yan kwanaki hannu ya haddace shi. Daga nan yatsu su yi ta gudu su kaɗai, hankali kuwa ya tafi kasuwa, yana lissafin kuɗin makarantar yara. Har an yi wani sanannen malamin piyano a Faris, Friedrich Kalkbrenner, wanda ya shawarci almajirai su riƙa karanta littafi sa'ad da yatsunsu ke horo, don kada su ƙosa. To, aikin da a ke iya yi hankali yana wani wuri, wace irin wahala ce? Mutum ya tashi yana jin ya biya bashinsa na yau, alhali ƙwaƙwalwarsa barci ta yi. Ericsson ɗin nan da mu ka ambata, gwajin da ya ce yana kawo ƙwarewa shi ne wanda mutum ke tara hankalinsa duka a kan abin da bai iya ba tukuna, yana ji yana gyarawa. Maimaita abin da an riga an iya ba ya cikin lissafin.

Ban da wannan, horo wurin ɓuya ne mai kyau ga mai jin kunya. Babba yana da wata damuwa wadda yaro ba shi da ita. Kunnensa ya riga hannunsa nisa. Ya shekara talatin yana jin waƙar nan a bakin gwanaye, ya san yadda ta ke, sa'ad da ya kaɗa ta kuwa yana jin yadda ya ke ɓata ta, mutanen gida kuma suna ji ta bayan bango. Shi da a ke gaisarwa da ladabi a wurin aiki, ga shi yana tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya. Amma in yana hawa da sauka a littafin Hanon, ba mai cewa ya ɓata kome, gama ba waƙa ba ce. Kowa ya ji sai ya ce, kai, mutumin nan da himma ya ke. Ashe wani lokaci abin da mu ke kira horon kai, girman kai ne ya sa rigar tawali'u. Mai kaɗa waƙa uku yana gudun wurin tuntuɓe, mai hawa da sauka yana gudun waƙar ɗungum. Dukansu biyu gudu su ke yi.

Akwai labarin da ya kamata kowane babba mai gaggawa ya sani. Robert Schumann, Bajamushe, an haife shi a 1810. Uwarsa ta so ya zama lauya, ya kuwa shiga karatun shari'a a Leipzig da Heidelberg. A 1830, yana da shekara ashirin, ya bar shari'a ya koma Leipzig gidan wani malamin piyano, Friedrich Wieck, da nufin ya zama gwani. Ya ɗan iya tun yana yaro, amma ya san tsaransa sun yi masa nisa, sai ya so ya rama shekarun da su ka wuce da ƙarfin tsiya. Ya yi ta horo sa'o'i da yawa kowace rana, har ya yi amfani da wata na'ura mai riƙe yatsa domin ya ƙarfafa shi. Kafin ƙarshen 1832 wani yatsa na hannunsa na dama ya ƙi bin umurninsa, burin zama gwanin kaɗawa ya ƙare ke nan. Har yau masana suna gardama a kan ainihin abin da ya lalata yatsan. Ko mene ne, sauri ya haifi nawa. Sai ya juya ga shirya kiɗa, 'yar malaminsa kuma, Clara, wadda ya aura a 1840, ita ce ta riƙa kaɗa ayyukansa gaban jama'a. Abin lura shi ne abin da mutumin nan ya yi sa'ad da 'yarsa Marie ta cika shekara bakwai a 1848. Ya shirya mata ƙananan kiɗe-kiɗe, ya ƙara waɗansu har su ka kai 43, aka buga su littafi guda domin masu koyo. Akwai na tafiyar soja, akwai na manomi mai komowa daga gona da murna, akwai na mahayin doki, akwai kuma waƙar majami'a guda. Kowanne yana horon wani abu a hannu, kowanne kuma ana iya kiran baƙo ya zauna ya ji. A cikin shawarwarin da ya rubuta wa masu koyo bai hana tsanin do, re, mi ba, ya ce a yi shi da himma, amma ya gargaɗi masu ɓata sa'o'i a kan horon yatsu kaɗai har tsufa.

Wannan hanya ta girme shi. Johann Sebastian Bach, wanda ya rasu a 1750, yana koyarwa ne a kan kakannin piyano, kafin piyano ya bazu. Johann Forkel, wanda ya rubuta tarihinsa a 1802 bayan ya sami labari daga 'ya'yansa, ya ce Bach ya kan sa sabon almajiri horon yatsu wata da watanni. Amma in ya ga haƙurin almajirin ya soma ƙarewa, sai ya ɗauki alƙalami ya saƙa horon nan cikin wani ɗan gajeren kiɗa mai daɗi, ya ba shi. Waɗansu daga cikin kiɗe-kiɗen nan har yau ana kaɗa su gaban jama'a. Ku duba fa, bai ce da almajirin raggo ba, bai kuma ɗauke masa aikin ba. Miya ya zuba a tuwon. Matarsa ta biyu, Anna Magdalena, mawaƙiya ce, ya aure ta a 1721 tana da shekara ashirin, ta haifa masa 'ya'ya goma sha uku. Littafin kiɗa da aka soma cika mata a 1725 yana nan har yau: kiɗan rawa, da waƙoƙi, da na majami'a, sa'an nan can ƙarshe 'yan ƙa'idodi na haɗa muryoyi. Littafin mace mai aikin gida ke nan, kiɗa ya cika shi, ƙa'ida ta sami ɗan wuri a baya. Wani ɗan kiɗan rawa da ke ciki, wanda kusan kowane mai koyon piyano ya taɓa kaɗawa, an daɗe ana cewa na Bach ne, sai a shekarun 1970 aka gane na wani Christian Petzold ne. Bai rage daɗi ba don haka.

Frédéric Chopin, mutumin Polan da ya zauna a Faris, ya ƙi maganar daidaita yatsu tun kafin Hanon ya buga littafinsa. Shi a ganinsa kowane yatsa da halinsa da irin muryar da ya ke bayarwa, aikin mai koyo shi ne ya san su. Ba ya fara almajiri da gidan C, ko da ya ke shi ne mai sauƙin karantawa, sai da gidan B, domin a nan dogayen yatsu su kan hau baƙaƙen maɓallai, gajeru su zauna a farare, hannu ya sami zamansa na halitta. Ya kan hana almajiransa wuce sa'a uku a rana. Darussan da ya buga, sha biyu a 1833, sha biyu kuma a 1837, kowanne ya kama wuyar hannu guda ɗaya, amma mutane suna biyan kuɗi su je su saurare su. Béla Bartók na ƙasar Hungari ya bi wannan sawu. Tsakanin 1926 da 1939 ya shirya kiɗa 153 cikin littafi shida, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, ya sa musu suna Mikrokosmos, watau ƙaramar duniya. Horon yatsun da ya ga ana bukata ya sa su a bayan littafi, an nuna kiɗan da kowanne ke yi wa hidima.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ɗan makaɗi ba a rufe shi a ɗaki shekara biyu yana bugun fata shi kaɗai. Ana rataya masa kanzagi ya bi ubansa wurin biki. Bugu ɗaya ya ke maimaitawa tun safe har yamma, horo ne sosai, amma a tsakiyar kiɗa ya ke yinsa, yana jin inda nasa ya shiga cikin na manya.

To, yaya mutuminmu za ya yi da rabin sa'arsa? Ga abin da mu ke gani. Ya buɗe littafin waƙar, ya kaɗa ta sau ɗaya, ya sa kunne. Inda ya yi tuntuɓe ya sa alama da fensir. Sau da yawa za ya iske wurin bai wuce maɓalli huɗu ko biyar ba. Wannan wuri shi ne littafin horonsa na yau, wanda waƙar da ya ke so ta rubuta masa. Ya ɗauke shi, da maɓalli ɗaya kafinsa da ɗaya bayansa, domin ya ɗinku da sauran. Ya rubuta lambar yatsan da za ya sa a kowane maɓalli, kada ya sāke ta gobe. Ya yi da dama kaɗai, ya yi da hagu kaɗai, sa'an nan ya haɗa, a hankali ƙwarai, har ya zama kuskure ba shi da ƙofar shiga. Ya ajiye ƙwayar gyaɗa biyar a gefe ɗaya. Duk sa'ad da ya yi daidai ya matsar da ɗaya zuwa ɗayan gefen. In ya kuskure a ta huɗu, duka su koma. Wanda ya gwada wannan za ya shaida minti goma nasa sun fi sa'a guda ta hawa da sauka gajiyarwa, gama hankali ba ya samun zuwa kasuwa. Amma wahala ce mai fuska, mutum ya san abin da ya ke saye da ita.

Kada kuma ya damu in ya tashi wurin bai zauna sosai ba. A 2002 Matthew Walker da abokansa a jami'ar Harvard ta Amurka su ka koya wa mutane wani tsarin taɓa maɓallai da yatsu, su ka iske bayan barcin dare saurinsu ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, ba tare da ƙarin gwaji ba. Waɗanda su ka yi sa'o'in nan a farke ba su sami irin wannan ƙari ba. Saboda haka rabin sa'a kowace rana ta fi sa'a uku ranar Asabar. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. In kuwa ya ji zafi a wuyan hannu ko a dantse, ya tsaya nan take, ya tuna da Schumann.

Wani za ya ce, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Horo yana shirya hannu domin wuyar da ba a gamu da ita ba tukuna, in kuwa sai waƙa ta kawo wuya za a yi maganinta, kullum mutum a baya ya ke. Akwai gaskiya a nan, ba mu musa ba. Domin wannan mu ke cewa a ba tsanin do, re, mi minti biyar ko goma a farkon zama, amma na gidan da waƙar ta ke. In waƙar a gidan F ta ke, a hau tsanin F a sauko, ana sauraron ko muryoyin sun fita daidai da juna. Sa'an nan a kama haɗin muryoyi uku waɗanda yawancin waƙoƙi ke tsaye a kansu: do-mi-so, da fa-la-do, da so-ti-re. Wanda ya koyi waƙa shida a gida shida ya sami tsani shida, ya kuma san amfanin kowanne. Darasin Hanon ɗaya ko biyu domin ɗumama hannu ran sanyi ba laifi, muddin kunne yana wurin. Adadin mintocin ba doka ba ne. Wanda ke da shekara talatin, yana kuma nufin ya kai nesa, ya ƙara wa tsani lokaci. Tsohuwa mai saba'in wadda ke son waƙa biyar kafin idonta ya gaza, ba mu ga dalilin da za a tsare ta a bakin ƙofa ba.

Sai dai a yi gaskiya wajen zaɓen waƙa. Son abu ba ya rage masa nauyi. Masu koyo domin su taimaki jama'a da waƙa su kan yi mamakin wuyar abin da ke cikin littafin waƙoƙi, gama a ido kamar mai sauƙi ne. Muryoyi huɗu ne ke tafiya tare, biyu a dama, biyu a hagu, kusan kowane taki yatsu huɗu su sāke wuri gaba ɗaya. Ba abin kunya ba ne a shekara ta fari mutum ya kaɗa muryar sama da dama, ya riƙe muryar ƙasa kaɗai da hagu. In bugunsa bai yi rawa ba, jama'a za su bi shi, ya kuwa fi mai cika yatsu yana tsayawa a tsakiyar baiti. Muna ba da shawara a riƙe waƙa uku a lokaci guda. Ɗaya wadda an riga an iya, domin a rufe zama da ita. Ɗaya wadda za ta zauna cikin mako biyu ko uku. Ɗaya kuma babbar nan ta zuciya, a riƙa gutsurarta layi layi, ko da za ta ci shekara.

Ga malamai kuma muna da magana ɗaya. Babban da ya zo wurinku ya haɗiye kunya mai yawa kafin ya yi sallama. Ran farko ku tambaye shi wace waƙa ce ta kawo shi, ku rubuta sunanta a bangon littafinsa. In ta fi ƙarfinsa ku faɗa masa, ku sauƙaƙa masa layinta na fari ya tafi da shi gida. Duk horon da za ku ba shi daga baya, ku nuna masa wurin da ya ke aiki a cikin waƙar. Malamin da ya ba dattijo abin da aka ba shi yana ɗan shekara takwas, don kawai haka aka yi masa, bai dubi wanda ke zaune a gabansa ba.

Saura mutanen gida, waɗanda su ke ta jin maɓalli biyar ɗin nan ta bayan bango har sun haddace. Su ma suna da haƙƙi. Mutuminmu ya sa rana, a ce Lahadi da la'asar, ya kira su su zauna. Ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, in ya yi tuntuɓe kada ya tsaya, kada ya koma baya, kada kuma ya ba da haƙuri. Ran Litinin da dare ya ɗauki fensirinsa ya sa alama a wurin, ya jera gyaɗarsa biyar.